Kunama da Agogo: Yadda Lantarki ke Tsara wa Hasken Leza Lokaci

1.0 Gabatarwa

A hutun da ya wuce na je gida Doguwa, sai na tarar ma'aikatan safiyo sun kafa wata na'ura mai ƙafa uku a bakin gonakinmu suna awo. Mutum ɗaya ya sa ido a jikin na'urar, ɗaya kuma ya yi nisa yana riƙe da sanda mai ɗan madubi a kanta. Ba igiya, ba sarƙa, ba kuma wanda ya bi kunya yana ƙidaya taku, amma kafin a ce kwabo sai mai leƙen ya faɗi tsawon gona har da 'yan santimitocin da suka yi saura. Kawuna, wanda gonarsa ke cikin waɗanda aka auna, ya juyo gare ni ya ce, "Kai ɗan nan, tun da kai ne ɗan jami'a, gaya mini yadda haske ke auna ƙasa. In abin nan ya ci mini taku biyu, ta ina zan sani?" Na ce, "Kawu, ai ni Hausa nake karantawa." Ya ce, "To, ai da Hausa na tambaye ka."

Wannan magana ita ce silar rubuta wannan takarda. Da na dawo makaranta na yi ta zirga-zirga tsakanin ɗakin karatu da 'yan'uwanmu ɗaliban kimiyya, har na fahimci cewa sirrin na'urar yana ga wani ɗan agogon lantarki da ke cikinta, wanda ke ba hasken leza umurnin tashi, ya kuma ƙidaya lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo. Manufar takardar ita ce ta bayyana yadda irin waɗannan kewaye na lantarki ke tayar da leza, da yadda suke sa leza fiye da ɗaya su yi aiki tare ba tare da saɓani ba. Za a yi haka ne da kalmomin da Bahaushe ya riga ya mallaka, sa'an nan a ƙarshe a koma ga tambayar Kawu.

2.0 Ƙananan Yankunan Lokaci

Kafin a shiga bayani, ya kamata mu daidaita a kan ma'auni. Kalmar daƙiƙa takan rikitar, domin wasu na nufin minti da ita, wasu kuma sakan. Saboda haka sakan za mu yi amfani da shi a nan. Idan aka raba sakan gida 1,000, kowane kashi shi ne milisakan. Ƙiftawar ido, wadda ita ce iyakar saurin da muke misali da shi, takan ci milisakan 100 zuwa 400. Idan aka raba milisakan gida 1,000 sai a sami maikrosakan. A sake raba shi gida 1,000 a sami nanosakan, watau kashi ɗaya cikin biliyan na sakan. A ƙasa da shi akwai fikosakan, sa'an nan femtosakan, kowanne kashi ɗaya cikin 1,000 na wanda ya gabace shi.

Mai karatu na iya cewa wannan ai wasa da lissafi ne. Abin da ya sa ba wasa ba ne shi ne gudun haske. Haske yana tafiyar mita 299,792,458 a sakan guda, watau kusan kilomita 300,000. Ke nan a cikin nanosakan ɗaya yakan ci santimita 30, tsawon rular ɗan firamare. Duk wanda zai auna ƙasa da haske, dole agogonsa ya iya rarrabe nanosakan da ɗan'uwansa. Alaƙar tsawo da lokaci ta yi ƙarfin da tun daga 1983 ma'anar mita kanta a duniya ita ce nisan da haske ke tafiya a cikin kashi ɗaya bisa 299,792,458 na sakan. Watau a yau agogo ne uban ma'aunin tsawo.

3.0 Mene ne Leza?

Hasken fitilar ƙwai ko na tocila yakan watsu ko'ina, launukansa a gauraye. Hasken leza kuwa launi ɗaya ne, yana tafiya a miƙe siriri kamar zare, igiyoyinsa duk suna tashi suna sauka tare. Albert Einstein ne ya bayyana tushen al'amarin a 1917, inda ya nuna cewa ƙwayar zarra da ta ƙoshi da ƙarfi, idan haske ya gifta ta, za ta saki nata hasken ya bi sahun wanda ya taɓa ta. Amma ba a ƙera leza mai aiki ba sai ranar 16 ga Mayu, 1960, lokacin da Theodore Maiman ya yi nasarar haka a ɗakin bincike na Hughes da ke Kalifoniya ta Amurka.

Ƙirar Maiman mai sauƙin fahimta ce. Ya sami ɗan sandan jan yaƙutu, ya mai da bakunansa biyu madubai, ya kewaye shi da fitilar walƙiya irin ta masu ɗaukar hoto. Idan fitilar ta haska, sai ƙwayoyin zarra na yaƙutun su sha ƙarfi. Hasken da suka fara saki sai ya riƙa kai da kawowa tsakanin maduban nan biyu, kullum yana ƙaruwa, har wani kashi nasa ya fice ta madubin da aka bar wa 'yar kafa. Wasu leza suna haskawa ba yankewa, wasu kuma bugu-bugu suke yi. Masu bugu-bugun su ne abin maganarmu, domin su ne ba su da amfani sai an san lokacin da kowane bugu zai fito.

4.0 Kunama

Maharbin da ke shiga dajin Falgore a da da bindigarsa ta gargajiya ya san cewa ɗura albarushi daban, harbi daban. Bindiga na iya yini a ɗure ba ta ce uffan ba, sai an ja kunama. Ƙarfin da yatsa ke sa wa kunama ɗan kaɗan ne, amma shi ke sakin babban ƙarfin da ke ɗure. To, haka abin yake ga leza. Kunamarta wani ɗan bugun lantarki ne, sau da yawa bai wuce bolt 5 ba, wanda ke tashi farat ɗaya daga sifiri. Daidai inda ya tashin nan shi ne alamar "yanzu".

Leza mai ƙarfi takan bukaci kunama biyu, kuma a nan ne aikin tsara lokaci ya fara. Don mu gane dalili, mu dubi madatsar ruwa ta Tiga da ke ƙasar Bebeji, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Da an bar Kogin Kano yana wucewa yadda ya ga dama, da ruwan ya tsiyaye a hankali ba tare da ya taru ba. Da aka datse shi kuwa, sai ya taru ya yi ƙarfin da idan aka buɗe ƙofa zai fita da ƙugi. Wannan dabara ce masana suka yi wa leza. Sukan sa wata ƙofa tsakanin maduban nan biyu, ta hana haske kai da kawowa har sai sandan ya ƙoshi, sa'an nan a buɗe ta gaba ɗaya. Robert Hellwarth da Fred McClung ne suka fara nuna haka a aikace a farkon shekarun 1960, su ma a Hughes. Ɗaya daga cikin ƙofofin da ake amfani da su a yau wani ɗan dutse ne garai-garai, wanda halinsa ga haske ke sauyawa idan aka sa masa ko aka cire masa wutar bolt dubu uku zuwa huɗu. Ba ta da marfi ko ƙyaure da ke motsi, shi ya sa take buɗewa cikin 'yan nanosakan.

Ga yadda jerin yake a lezar da ake kira Nd:YAG, wadda aka ƙirƙiro a ɗakin bincike na Bell a 1964. Kunama ta farko ta kunna fitilar walƙiya. Sandan ya fara ƙoshi, amma fa madatsar tasa tana yoyo, domin ƙwayoyin zarrarsa ba sa riƙe ƙarfi fiye da kimanin maikrosakan 230. Saboda haka sai a jira wajen maikrosakan 150 zuwa 200, lokacin da cikar ta kai ƙololuwa, sa'an nan kunama ta biyu ta buɗe ƙofa. Idan an yi gaggawa, madatsa ba ta cika ba. Idan an yi nawa, ruwa ya tsiyaye. In kuwa an dace, sai haske ya fito a bugu ɗaya mai tsawon nanosakan 5 zuwa 10. Ƙarfin da ke cikin bugun bai taka kara ya karya ba, a ce kashi ɗaya cikin goma na jul, wanda ba zai ko ɗumama cokalin ruwa ba. Amma da yake an matse shi cikin nanosakan 10, a ɗan wannan lokaci ƙarfinsa ya kai megawat 10, daidai da abin da aka tsara tashar lantarki ta Tiga ta bayar. Irin wannan bugu ne likitocin ido ke amfani da shi su huda 'yar yanar da kan sake rufe ganin wasu mutane bayan an yi musu aikin yanar ido. Gajartarsa ce ke sa ya yi aikinsa ya gama kafin zafi ya bazu zuwa naman da ke kewaye.

5.0 Yadda Ake Ƙera Jinkiri

Tambaya a nan ita ce, wa ke ƙidaya maikrosakan 200 ɗin nan da ke tsakanin kunama ta farko da ta biyu? Hanyoyi biyu ne manya.

5.1 Hanyar cika tulu. Idan aka sa tulu a ƙarƙashin famfo mai zuba daidai wa daida, lokacin da zai ɗauka ya cika sananne ne, ana iya mai da shi agogo. A lantarki, tulun shi ne kwandansa, abin da ke tara caji, wanda duk mai gyaran rediyo ya san shi. Famfon kuwa shi ne razista, mai ƙuntata wa wuta hanya. Fitaccen kewaye mai aiki da wannan dabara shi ne wanda ake kira 555, wanda Hans Camenzind ya tsara a 1971, kamfanin Signetics ya fitar da shi kasuwa a 1972, kuma har yau ana ƙera shi. Da zarar an taɓa kunamarsa sai kwandansa ya fara cika. Idan ya kai kashi biyu cikin uku na ƙarfin batir, sai kewayen ya ba da alama, ya zubar da cajin, ya koma jira. Tsawon jiran shi ne girman razista sau girman kwandansa sau 1.1. Arha gare shi da sauƙin haɗawa, amma yana da aibi. Zafi da sanyi na sauya girman tulun da bakin famfon. Kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari a kan maikrosakan 200 ya zama nanosakan 2,000, watau ya ninka tsawon bugun lezar kansa sau ɗari biyu ko fiye.

5.2 Hanyar ƙidaya. Wannan ta dogara ne ga dutsen ƙanƙara, farin dutsen nan mai ƙyalli da ake gani jingim a duwatsun Riruwai, inda jijiyoyinsa ke tafe tare da kuza. A 1880 wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Pierre da Jacques Curie, suka gano cewa idan aka matse wannan dutse yakan fid da lantarki. Ba da jimawa ba kuma aka tabbatar cewa idan aka sa masa lantarki yakan motsa. Ke nan idan aka yanka shi siriri aka haɗa shi da kewaye, zai riƙa kaɗawa da adadin da kaurinsa da yankansa suka ƙayyade, ba ya ƙari ba ya ragi sai ɗan abin da ba a rasa ba. An yi agogon farko mai aiki da shi a 1927. Wanda ke cikin agogon hannu na batir yana kaɗawa sau 32,768 a sakan. An zaɓi wannan adadi ne domin idan aka yi ta raba shi biyu har sau 15 sai a sami ɗaya cif, watau sakan guda. Ƙanƙarar da ake sa wa na'urori a yau a masana'anta ake renon ta domin ta fi ta daji tsabta, amma jinsinsu ɗaya da ta Riruwai. Ita kuma kuza, daga irinta ake fid da ƙarfen da ake narkawa a liƙe ƙafafun waɗannan kewaye a kan allonsu.

A na'urar jinkiri ta leza akan sa ƙanƙara mai kaɗawa, a misali, sau miliyan 100 a sakan, kowace kaɗawa nanosakan 10 ke nan. Idan ana son jiran maikrosakan 200, sai a umurci maƙidayi ya ƙirga kaɗawa 20,000 sa'an nan ya saki kunama ta biyu. In ana bukatar abin da bai kai kaɗawa guda ba, sai a ƙara ɗan ƙaramin tulu irin na hanyar farko ya cike gurbin. Na'ura ɗaya takan zo da bakuna huɗu ko takwas, kowane baki da nasa jinkiri: wannan na fitila, wannan na ƙofa, wancan na kyamarar da za ta ɗauki hoton abin da lezar ta haska.

Wanda ya taɓa ganin 'yan mata uku suna lugude a turmi ɗaya ya riga ya ga wannan tsari. Taɓarya uku, turmi ɗaya, kowace da lokacin saukarta. Ba tare suke sauka ba, bi da bi ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce aikin. Idan ɗaya ta yi gaggawa ko ta yi nawa, sai taɓare su gwabza, hatsi ya watse.

6.0 Abokan Gaba Uku

Abubuwa uku ne ke ɓata wa mai tsara lokaci aiki, kuma kowanne da maganinsa.

Na farko shi ne karkarwa. Ko bindigar maharbi ba kullum take tashi daidai da jan kunama ba, wata rana nan take, wata rana sai ta ɗan yi jinkiri. Haka kewayen lantarki yake: a ba shi umurni iri ɗaya sau dubu, amsar za ta riƙa zuwa gaba kaɗan ko baya kaɗan. Babban dalili shi ne hayaniyar lantarki da ke hawa kan bugun kunama, musamman a kusa da fitilar walƙiya mai jan wuta da yawa. Idan bugun yana tashi a hankali kamar hawan tudu, 'yar hayaniya kaɗan sai ta gusar da wurin da kewaye zai ce "yanzu". Idan kuwa yana tashi tsaye kamar bango, hayaniyar ba ta samun wurin kamawa. Saboda haka ake son kunama mai kaifin tashi, a kuma lulluɓe wayoyi da ragar ƙarfe, wani lokaci ma a aika da umurnin ta zaren gilas wanda hayaniyar lantarki ba ta shafa.

Na biyu shi ne zamiya. Wannan ba rawa ba ce ta nan take, gusawa ce a hankali zuwa gefe guda, kamar agogon da ke ƙara sakan kaɗan kowane mako. Zafi da tsufa ne ke kawo ta. Maganinta shi ne a sa ƙanƙarar cikin ɗan akwati mai ɗumi ɗaya dare da rana, ko kuma a riƙa gwada ta da agogon zarra. Tun 1967 ma'anar sakan ita ce kaɗawa 9,192,631,770 ta hasken da zarrar siziyam ke sha ko take fitarwa, kuma taurarin ɗan'adam na GPS suna ɗauke da agogunan zarra da kowa ke iya saita nasa da su.

Na uku shi ne tsawon waya. Wanda ya hango mai faskare daga nesa yakan ga saukar gatari kafin ya ji ƙararsa, domin sauti mita 340 kawai yake ci a sakan. Saƙon lantarki ma yana da nasa jinkiri: a cikin wayar da aka saba amfani da ita a ɗakunan bincike yakan ɗauki kimanin nanosakan 5 kafin ya ci mita ɗaya. Idan wayar leza ɗaya ta fi ta ɗaya da mita biyu, an sami saɓanin nanosakan 10 ke nan, tsawon bugu sukutum. Don haka ake yanka wayoyi tsawo ɗaya, ko a auna bambancinsu a cire shi a lissafi.

7.0 Daidaita Taku

A wajen gayya, makaɗin gangar noma ne ke sa garemani su sauka tare. Manoman ba sa kallon juna, kowa kiɗa yake bi. Wannan ita ce hanya ta farko ta daidaita leza da yawa: uban agogo ɗaya, kowa na karɓar umurni daga gare shi. Misali mafi girma shi ne wata cibiya a Livermore ta Kalifoniya, inda ake harba zaren leza 192 a kan ɗan ƙwanso da bai kai ƙwayar barkono ba, domin a matse shi har ƙwayoyin zarrarsa su haɗe su ba da ƙarfi irin na rana. An shar'anta cewa saɓanin isowarsu kada ya wuce kimanin fikosakan 30, lokacin da haske kansa milimita 9 kawai zai iya ci. Ranar 5 ga Disamba, 2022, aka zuba wa ƙwanson megajul 2.05 na haske, ya mayar da megajul 3.15. Wannan ne karo na farko da irin wannan gwaji ya ba da fiye da abin da lezar ta kai masa.

Hanya ta biyu ta shafi leza masu kiɗan kansu. Akwai waɗanda ba sa jiran kunama, bugu suke yi ba tsayawa, a misali sau miliyan 80 a sakan, gwargwadon lokacin da haske ke ɗauka ya je ya dawo tsakanin madubansu. Irin wannan ba a ba ta umurni, sai dai a bi da ita, kamar yadda ɗan amshin kiɗa ke kasa kunne ga uban kiɗa, in ya ji ya yi gaba ya sassauta, in ya ji ya yi baya ya ƙara hannu. Akan sa idon lantarki ya saurari bugun lezar, wani kewaye ya gwada shi da na uban agogo. In lezar ta yi baya, sai a tura madubinta ɗaya ciki da ɗan abin da ido ba ya gani, hanyar haske ta gajarta, bugu ya ƙara sauri. In ta yi gaba, a ja shi baya. Ana yin wannan gyara sau dubbai a sakan. Wannan kewaye za mu iya kiransa ɗan amshi.

Ɗan amshi yana kusa da mu fiye da yadda muke zato. Maganar wayar hannu da saƙon intanet da suka tashi daga Tudun Wada ko Kiru, idan za su yi nisa, galibi sukan shiga zaren gilas da aka binne a gefen manyan hanyoyi, inda ƙaramar leza ke ƙyafta su. Waɗanda za su ƙetare teku sukan bi irin wayar Main One da ta haɗa Legas da Fotugal a 2010. A layin da ke ɗaukar ƙyaftawa biliyan 10 a sakan, rabon kowace ɗaya fikosakan 100 ne. Ba a aika agogo daban tare da saƙon. Ɗan amshin da ke ɗaya bakin ne ke tsamo kiɗan daga cikin saƙon kansa, ya san daidai lokacin da zai duba ko akwai haske ko babu. In ya kuskure taku, magana ta zama shirme.

Akwai kuma inda lantarki ke gazawa. Ahmed Zewail, Bamisiren da ya sami kyautar Nobel ta kimiyyar haɗa sinadarai a 1999, ya so ya ga yadda ƙwayoyin zarra ke rabuwa da haɗuwa, abin da ke faruwa cikin femtosakan. Babu kewayen da ke ƙidaya da wannan sauri. Dabarar ita ce a raba bugu ɗaya gida biyu, kashi ɗaya ya tayar da aikin, ɗaya kuma a sa shi ya yi zagaye ta wani madubi kafin ya iso ya duba. Idan aka ja madubin baya da maikromita 15, abin da bai kai kaurin gashin kai ba, an sami jinkirin femtosakan 100. A nan tsawo ne ya koma agogo.

8.0 Amsar Tambayar Kawu

Yanzu muna iya komawa bakin gona. Na'urar safiyo tana da ƙaramar leza, da idon lantarki, da ƙanƙara, da maƙidayi. Kunama ta saki bugun haske, a daidai lokacin kuma ta tayar da maƙidayi. Haske ya je ya bugi madubin da ke kan sanda ya dawo, idon lantarki ya gan shi ya tsayar da ƙidaya. Idan gona mita 150 ce, haske ya yi tafiyar mita 300 zuwa da dawowa, watau maikrosakan ɗaya. Sai na'ura ta raba biyu ta nuna tsawon. Wasu na'urorin ba bugu suke aikawa ba, haske ne mai ƙaruwa da raguwa bisa kiɗan ƙanƙara, sai su gwada yadda kiɗan da ya dawo ya saɓa da wanda ya fita. Ko ta wace hanya, ƙanƙarar ce alƙali. Da wannan dabara ce ake auna nisan wata, ta hanyar maduban da 'yan sama jannatin Apollo 11 suka fara ajiyewa a can a 1969. Haske kan ɗauki kimanin sakan biyu da rabi ya je ya dawo, kuma awon ya nuna wata na nisantar duniya da santimita 3.8 kowace shekara.

To, na'urar za ta iya cin taku biyu? Kuskuren nanosakan ɗaya santimita 15 ne a ƙasa, saboda haka taku biyu, a ce mita ɗaya da rabi, na bukatar kuskuren nanosakan 10. Na'ura mai lafiya ba ta yin haka. Tana harbawa sau da yawa ta ɗauki matsakaici domin ta kashe karkarwa, kuskurenta kuwa bai wuce 'yan milimita ba. Ko da ƙanƙararta ta zame da kashi 10 cikin miliyan, santimita ɗaya ke nan a kilomita guda. Zafin iska ma yana taɓa gudun haske, kimanin milimita ɗaya a kilomita ga kowane digiri, shi ya sa ma'aikaci nagari ke shigar da zafin ranar cikin na'ura. Inda taku biyu ke iya salwanta shi ne wajen mutum: a kafa sanda ba a kan iyaka ba, ko a riƙe ta a karkace, ko a rubuta lamba ba daidai ba. Saboda haka abin da ya kamaci manomi shi ne ya tsaya da kansa, shi da maƙwabcinsa da mai unguwa, su ga inda aka kafa sanda. In kuma zuciyarsa ba ta kwanta ba, yana da damar ya roƙi a gwada na'urar a kan tsawon da aka riga aka auna da tef a gabansa. Gani ya kori ji.

9.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa amfanin leza mai bugu-bugu ya rataya ne ga kewayen da ke tsara mata lokaci. An bayyana aikin kunama, da hanyoyi biyu na ƙera jinkiri, da abubuwa uku masu ɓata shi, da kuma dabarun daidaita leza da yawa. A cikin yin haka an yi amfani da kunama, jinkiri, maƙidayi, karkarwa, zamiya da ɗan amshi a matsayin sunayen sassan wannan fanni. Babu ɗaya daga cikinsu da aka aro, duk an same su ne wajen maharba da makaɗa da sauran masu sana'a. Ban ce su ne suka fi dacewa ba. Ina gabatar da su ne ga malamaina da 'yan'uwana ɗalibai domin a tace, a gyara, a kuma zauna da masana kimiyya a ji ko ma'anar ta fita. Akwai masu tambaya irin Kawu a kowane ƙauye, kuma na'urorin nan sun riga sun iso bakin gonakinsu.

Da na koma gida na karanta wa Kawu abin da na rubuta, ya saurara har ƙarshe, ya ce batun lugude da na madatsa sun shige shi. Sai dai ya ce in an sake zuwa awo, shi zai riƙe sandan da kansa.